Baba Nomau da Ɗakin Ango

Shekarar da damina ta sake yaudarar mu, mutanen ƙauye suka cika Yamai har gindin gada, a shekarar ce na gama gina ɗaki ɗaya a gidana na Gamkalle. Sunana Illa, tela ne ni. Tun da babbar kasuwa ta ƙone na dawo da kekena ƙofar gida, nan nake ɗinki a ƙarƙashin rumfar zana. Gidan ba shi da girma. Akwai ɗakina da matata Habsatu, akwai na ƴan mata, sai madafa da makewayi, sai wani lungu inda akuya take kwana. Akuyar muka sayar, muka gina ɗakin a lungun.

Na babban ɗana ne. Bakina ba ya kiran sunansa, amma alƙalami ba ya jin kunya: Yahaya. Gyaran babur yake yi a bakin titi. Shi ya buga tubalin da hannunsa, kullum in ya taso daga aiki. Muka rufa da kwanon tol, muka zuba siminti a ƙasa, ya shafa wa ƙofar shuɗin fenti. An riga an kai gaisuwa gidan Balkisa, ɗiyar Sumana, wani Bazabarme mai garkar salati da kabeji a bakin kogi. Sa rana kawai ya rage.

Fentin bai gama bushewa ba sai ga kamyo, babbar motar kaya, daga garinmu na ƙasar Adar. Mutum biyu suka sauko da mahaifina, Malam Nomau, kamar an naɗe tabarma. Idonsa ya yi fari, ba ya gani, ƙafafunsa sun kumbura, muryarsa ba ta fita sai ka kai kunne. Kayansa duka buta ne da carbi da wani ƙunshi a cikin takardar siminti. Da Habsatu ta kai hannu za ta karɓi ƙunshin sai ya riƙe gam.

"Likkafanina ne," in ji shi. "Na zo in mutu a hannun ɗana. Ba zan daɗe muku ba."

Kuka muka yi. Ina za a kwantar da shi? Na buɗe shuɗiyar ƙofar, muka shimfiɗa shi a kan sabon siminti. Ya shafa bango da tafin hannu, ya ce, "Wannan ɗakin na wane ne?"

Me ɗa zai ce wa ubansa da ke bakin kabari? Na ce, "Naka ne, Baba. Don kai aka gina shi."

Yahaya yana tsaye a bakin ƙofa yana ji. Dukanmu mun ɗauka maganar kwana biyu ce.

Washegari Habsatu ta matsa sai an kai shi gidan likita na kartiyenmu, wato unguwarmu. Na ce a bar tsoho ya cika cikin kwanciyar hankali, ta ce ba a gidanta ba. Wata malamar asibiti, Madam Halimatu, ta dudduba shi, ta buɗe masa baki, ta danna ƙafar, ta ce, "Wa ya ce muku mutuwa zai yi? Yunwa ce da tsutsar ciki." Ta yi masa allura, ta ba mu ƙwayoyi, ta sa sunansa cikin masu karɓar garin madara da jar dawar taimako.

Kafin wata ya ƙare Baba yana zaune. Kafin na biyu ya ƙare yana cin tuwo, yana tambayar ko babu ƙari. Da rani ya yi tsakiya wasu likitocin ido suka zo gari, Madam Halimatu ta tura mu, aka cire masa yanar. Ranar da aka kwance bandejin, ya daɗe yana kallona.

"Illa, kai ne wannan? Kai, ka tsufa."

Na gode wa Allah, kuma har yanzu ina gode masa. Amma tun daga ranar nan ba wanda ya ƙara hutawa a gidan. Baba ya ga ƴan mata suna zubar da ruwan wanke gero. Ya ga ɗinkina yana karkacewa a wuyan riga. Ya ga maƙwabcinmu yana aske gemu.

Kuma ba gidana kaɗai abin ya samu ba. A zamanin da muke yara, mutum in ya ga jikansa na fari, ya tofa masa albarka, to ya fara shirin tafiya. Tsoho mai farin gemu a garinmu ana nuna shi da yatsa. Yanzu fari ya koro tsofaffi birni su mutu, allura da ruwan pampo sun hana. Gindin dogon yaro da ke gaban masallacinmu ya cika da su har tabarmi suka kasa. Kowane gida da tsohonsa, kuma kowane tsoho a ɗakin da ya fi kyau yake, ɗakin da aka gina don wani saurayi. Samarin suna kwana a shago, a zaure, wasu a cikin taksin iyayen gidansu. Mai sayar da farin yadi a bakin hanya ya ce mini kasuwar likkafani ta mutu, ita kaɗai ce ta mutu a kartiyen. Ni ma ɗinkin kayan biki ya ja baya, ban san wa zan kai wa ƙara ba.

Yahaya a rumfar kekena yake kwana. Kullum da safe zai leƙa ɗakin, shi da kakansa su fara wasansu na jika da kaka.

"Tsoho, har yanzu kana nan? Na ɗauka yau zan tarar an gama."

"Ina nan, ɗan nema. Kai za ka riga ni, da wannan baburan naka marasa birki."

"Ka ba ni ɗakina in yi aure mana."

"Wace mace za ta aure ka, kana warin man inji? Balkisa tawa ce. Ni take so."

"To ka mutu ta yi maka takaba, in aure ta."

Sai su bushe da dariya su duka. Ni kuwa sai in ja yaron gefe in ce, "Kai, ka daina faɗin haka, bakin mutum yana da dafi." Ya ce, "To Baba, kai ka gaya masa da gaske mana." In ce, "Ka yi haƙuri." Ban san haƙurin me nake ce masa ya yi ba. In na bi maganar har ƙarshenta sai in ga inda ta nufa, in tashi in yi alwala.

Damina ta zo ta wuce, rani ya sake zagayowa. Wata ranar Lahadi da hantsi Sumana ya iso da kekensa, ya jingine shi a jikin rumfa, ya zauna. Ya yi mini fofo, gaisuwar Zabarmawa, na amsa, muka gaisa har gaisuwa ta ƙare. Sannan ya shiga magana da Hausarsa ta kasuwa, wadda ba ta da kwana.

"Malam Illa, yarinya tana girma. Ƙannenta biyu suna bayanta, ba su wucewa sai ta wuce. Akwai wani sarjan yana zuwa sayen salati kullum. Mutum ɗaya ba ya cin salati haka."

Na ce, "Sarjan na soja?"

"Na soja. Yana da ɗaki a bariki. Ni ban ce masa komi ba, ita ma ɗanka take so. Amma ka san zamanin da muke ciki. Mai kaki in ya tambaye ka abu, ba ka cewa a'a sau da yawa. In an ɗaura kafin azumi, na ce masa an riga shi. In azumi ya kama, ka sake ni, in sake ka."

"Kafin azumi," na ce. "In Allah ya so."

"Ɗakin fa?"

"Ana nan ana dubawa."

Daidai lokacin Baba ya fito daga shuɗiyar ƙofar da sandarsa a kafaɗa, ba ma ya dogara ta, ya wuce mu da sauri zai tafi gindin dogon yaro. Sumana ya bi shi da kallo har ya sha kwana. Ya ce, "Allah ya ƙara masa lafiya." Na ce amin. Ya ja kekensa ya tafi.

Dabara ta farko da ta zo mini ita ce gida. An ce ruwa ya sauka a Adar, gero ya yi. Bayan azahar na same shi yana cin gyaɗa, na zauna a bakin tabarma, na fara daga nesa. Na ce ko yana kewar gari. Na ce iskar can ta fi ta nan. Na ce ƴan'uwa za su so su gan shi da idonsa biyu.

"In koma ina?" in ji shi.

"Gida, Baba. Ko na ɗan lokaci."

Ya ajiye gyaɗar. "Ba a gaya maka yadda na baro garin ba? Ranar da za a ɗora ni a kamyo, gari duka ya taru a ƙofar gidana. Na ba maƙwabcina Musa jakina, na ba ɗan ƙanena gona, na raba rumbu. Sai na ce tunda tafiya ce ba dawowa, bari in sauke abin da ke cikina. Na gaya wa liman karatunsa na asuba ya cika tsawo, kuma ya daina tsayawa yana tari a tsakiyar aya. Na gaya wa maigari gonar fadamar da yake nomawa ta marayun wansa ce, kowa ya sani. Na gaya wa gwaggonka Indo furar da take aiko mini tun muna samari bayan rumbu nake zubarwa. Ban bar kowa ba. Suna kuka suna cewa sun yafe, sun yafe."

"To ai sun yafe, Baba."

"Wa mamaci suka yafe, Illa. Ka taɓa ganin an yafe wa mai rai irin wannan? In na sauka a garin nan da ƙafata, jakin ma ba zai gaishe ni ba."

Na tashi na koma kan keke.

Dabara ta biyu ta fi ta farko wauta. Na ce tunda ciki ya cika, a ci waje. Ni da Yahaya muka tayar da bango a gaban gida, muka ɗan shiga hanya, taku kaɗan kawai. Habsatu ta ce, "Malam, yanzu ba lokacin farar hula ba ne." Na ce wa zai lura da lungun Gamkalle? Bangon ya kai ƙirji sai ga mota da mutanen gwamnati, da soja biyu a baya. Ba su yi faɗa ba. Babbansu ya tambaya wa ya ba ni hanya, na ce ba kowa. Ya ce to wanda ya gina shi zai rushe, su za su jira. Haka muka rushe shi da hannunmu, tsofaffin dogon yaro sun jawo tabarminsu kusa don su gani da kyau. Baba yana cikinsu, yana ba sojan gyaɗa, yana cewa, "Na gaya masa tun farko ginin bai miƙe ba. Tela ne." Baba ya ɗauka shago nake ƙarawa, bai san ɗakin ango ba ne.

Sha'aban ya kama. Na daina cin abinci sosai. Wandona ya fara zamewa, na rage masa ƙugu da kaina. Sau uku ina zuwa ƙofar Baba da niyyar magana, sau ukun ina ƙarewa da tambayarsa ko sauro ya dame shi. Yahaya ya daina leƙawa da safe. Baba ya tambaye ni ko yaron ba shi da lafiya, na ce aiki ne ya yi yawa.

Wata rana bayan la'asar ina cikin rumfa, na rataye zannuwan wata mata sun kare ni. Baba yana zaune shi kaɗai a dakalin ƙofar gida. Sai ga Balkisa da tiren tumatir a ka, za ta kai kasuwa. Da ta san ina wurin da ba ta tsaya ba, yarinya ce mai kunya.

"Amaryata!" in ji Baba. "Yau ma wucewa za ki yi ba ki gai da mijinki ba? Zo ki ba ni tumatir ɗaya, ki saki wancan mai baburan ya huta."

Kullum takan ce masa, "Angona, ai sai ka sa haƙora tukuna." Ranar nan ba ta ce ba. Ta sauke tiren, ta durƙusa har ƙasa.

"Kaka, ina wuni."

Baba ya dube ta. "Kaka kuma? Yaushe na zama kaka?"

"Kaka, ba wasa na zo yi ba. In azumi ya kama ba a ɗaura ba, babana zai ba da ni ga wani. Ba laifinsa ba ne. Ɗaki ake jira."

"Wane ɗaki?"

Ta ɗaga ido ta dubi cikin gida, inda shuɗiyar ƙofar take a buɗe.

"Wancan? Ai nawa ne. Don ni aka gina shi, Illa ya faɗa da bakinsa."

"Yahaya ne ya buga tubalinsa, Kaka. Ni na zaɓi launin fentin."

"Yaron nan kullum yana cewa in ba shi ɗakinsa, amma ai..." Sai ya tsaya. Na ji numfashinsa daga bayan zannuwa. Can ya ce, a hankali, "Jika ne. Jika ai ba a ɗaukar maganarsa." Ya nuna mata tiren. "Tashi ki tafi kasuwa, tumatir ɗinki zai yi laushi."

Da ta tafi, bai juyo ba, ya ce, "Tela, na ga ƙafarka a ƙarƙashin zane. Ka manta an gyara mini ido?"

Na fito. Na durƙusa inda ta durƙusa.

"Wanda ya faɗi gaskiya da dariya ya faɗe ta, wanda ba ya dariya kuma ƙarya ya yi mini," in ji shi. "Ka san abin da na sha a ɗakin nan? Tol ɗin nan da rana kamar tanda. Simintin yana cin ƙashin bayana. Ba na ganin tauraro, ba na jin iska. Na ce ɗana ya zuba dukiyarsa ya gina mini, in na fita na ci mutuncinsa. Na yi iya ƙoƙarina in mutu in ba ku wuri, matarka da wannan Madam suka hana."

"Baba, ka yafe mini."

"Bar wannan. Surukinka yana da bukka a garkarsa, na gan ta. Awaki suna shigar masa, kuma albasar da yake shukawa abin kunya ce. Ba'adare kamar ni, ɗan ƙasar albasa, yana raye a garin nan ana shuka albasa haka? Can zan koma."

Nan wani sabon tsoro ya kama ni. "Baba, mutane za su ce na kori ubana zuwa bukka don in yi wa ɗana aure. Ba mai ƙara kawo mini ɗinki. Ba mai auren ƴan matan nan."

Ya dube ni sama da ƙasa. "Kai dai tun kana yaro haka kake. Bar mini mutane."

Ranar Juma'a, da aka sauko daga masallaci, kafin jama'a su watse, Baba ya miƙe a gindin dogon yaro ya buga sandarsa a ƙasa.

"Jama'a, ku shaida! Yau na bar gidan Illa, kuma ba mai mayar da ni!"

Liman ya ce, "Subhanallahi, Malam Nomau, me ya yi zafi?"

"Me bai yi ba? Mutum ya kulle ni a akwatin ƙarfe kamar kuɗin Bature! Minsharinsa yana ratsa bango biyu. Miyar matarsa, gishiri yana wucewa ta ƙofar gida yana gaishe ta. Ya ɗinka mini riga, hannu ɗaya ya fi ɗaya. Ya yi gini a hanyar gwamnati, ya jawo mini soja a tsufana!"

Na tsaya a tsakiyar mutane, ban san inda ya nufa ba. Ya harare ni, ya ɗan ɗaga gira, sai na gane. Na faɗi a gabansa na riƙe ƙafarsa ina cewa, "Baba, ka yi wa Allah ka zauna!" Ya fizge. Dattawa suka sa baki, ya ce duk wanda ya ƙara magana shi ma zai ji tasa, don akwai abubuwan da ya gani tun da aka buɗe masa ido. Nan take kowa ya tuna yana da uzuri a gida. Liman ya dafa kafaɗata ya ce, "Ka yi haƙuri, Malam Illa. Mun san ka yi iyakar yinka. Tsufa ne."

Habsatu ce kawai ba ta yafe maganar gishiri ba. Ta ce minsharin gaskiya ne, rigar ma gaskiya ce, amma gishirin ƙazafi ne.

Aka ɗaura auren saura kwanaki a ga watan azumi. Sumana ya gaya wa sarjan an riga shi, sarjan ya ce Allah ya sa alheri, ya koma sayen salati a wata garkar. Yahaya ya sake shafa wa ƙofar fenti. Baba bai zo ɗaurin aure ba, don a cewarsa yana fushi da mu, amma ya aiko a ce wa amarya ya sake ta saki ɗaya, in mai baburan ya gaza ta dawo.

Bayan salla na sauka garkar in gaishe shi. Na same shi cikin laka har gwiwa, yana yi wa Sumana faɗa a kan tazarar shuka, Sumana yana share gumi yana kallona kamar mai tambayar yaushe zan zo in ɗauki kayana. Wasu tsofaffi biyu daga gindin dogon yaro suna can gefe suna jan ruwa, sun ce sun zo kallo ne kawai. Baba ya fito ya wanke ƙafa, ya shiga bukka, ya fito da ƙunshin nan na takardar siminti.

"Ungo. Gara tana neman ta cinye mini shi a nan."

"In ajiye maka, Baba?"

Ya dubi wuyana, ya dubi wandon da na rage wa ƙugu, ya girgiza kai.

"Ajiye dai kusa da kai. Wanda ya riga buƙata ya yi amfani da shi. Kuma ka riƙa cin abinci, Illa. Ba ni da ƙarfin rainon marayu, ga albasa tana jirana."

Na ɗauko ƙunshin na hau hanya. Da na iso gida na tarar da Yahaya a tsakar gida, ya harɗe hannuwa, yana kallon ɗakina daga tushe har rufi. Ya ce Balkisa ba ta jin daɗin jikinta da safe kwanan nan, kuma yana tunani ne kawai, in yara suka fara zuwa, ina za a sa su. Na ce masa ya yi haƙuri. Na shiga na tura ƙunshin can ƙarƙashin gado, na ce wa Habsatu ta zubo mini tuwo, ta cika kwanon.